Ƙafata da Allon Goggo

Azumi ya sake zagayowa cikin bazara, kuma duk wanda ya ce maka akwai garin da ya kai Bauchi zafi a bana, ka tambaye shi ko ya taɓa yin yini guda a Gwallameji ba wuta. Shekaranjiya na sayi ɗanyen ƙwai a kanti na jefa a aljihu, kafin in iso gida ɓarewa kawai ya rage. Da na ba maman yara labari sai ta ce, "Alhaji, ka rage, kana azumi fa." Na ce to na rage, gwaiduwar ba ta gama nuna ba.

Ina kwance a ƙasan falo, na cire riga, ina kallon fanka tana kallona, sai idona ya faɗa kan wani tsohon allo da ke rataye a bango. Kullum yana nan, amma sai irin wannan zafin yake yi mini magana. Nan take na koma shekara talatin da ɗoriya baya, wancan karon da azumi ya faɗo cikin bazara, lokacin da na yi zaman kurkukun da ba alƙalin da ya yanke mini shi.

A lokacin ina saurayi, gemu ya fara leƙowa yana komawa. A Kurmi, can kudancin ƙasar nan, na tashi, domin mahaifina direban babbar mota ne, can ya zauna, can kuma aka binne shi. Bayan rasuwarsa aka tattaro ni aka kawo wa yayarsa a cikin garin Bauchi, wadda kowa ke kira Goggo. Malama ce, matan unguwa take koya wa karatu a tsakar gidanta. Ni kuwa ɗan ƙanenta ko alif ban sani ba. Surori uku na tsinta da kunne a masallatan tasha, su nake juyawa kamar mai riga uku: in sa wannan da asuba, in canza waccan da azahar. Goggo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta sa an sassaƙo mini allo. Duk ranar da ta ce gobe za mu fara, to goben nan a tasha za ta same ni tun kafin zakara ya gyara murya.

Burina ɗaya ne a duniya, in zama direba. Allah kuma ya haɗa ni da Oga Bitrus, mutumin Bogoro, mai wata gingimari da ke kai wake da albasa Kurmi ta dawo da manja da goro. Ya yarda zai ɗauke ni karen mota idan za su yi babbar tafiya bayan Sallah. Murna ta sa na hau can ƙololuwar kaya zan ɗaure tamfol, ina yi ina waiwayen 'yan matan da ke tallan gyaɗa don in ga ko suna kallo. Suna kallo kuwa. Da idonsu suka ga na taho. Ni dai na san na daɗe a sama, har na hango Dutsen Ƙofar Wambai da rabin hanyar Jos, kafin ƙasa ta karɓe ni ta ƙwaurin hagu.

A amalanke aka kai ni gida. Aka kira Baba Maiɗori, wani siririn tsoho mai hannu kamar filaya. Ƙarti suka danne ni, ya yi tofi, ya ja ƙafar nan, na yi ihun da na tabbata an ji shi a Yelwa. Ya shafa man shanu, ya jera karare, ya naɗe da tsumma tun daga idon sawu har gwiwa. Sannan ya ce, "Ko ƙuda ne ya sauka a kanta, kar ka motsa ka kore shi. In ka taka ta kafin in ce, gurgu ka zama."

Aka shimfiɗa mini tabarma a rumfar tsakar gida, domin ɗaki ba ya shiguwa don zafi. Washegari da hantsi sai ga Goggo ta fito da allon nan, ta hure ƙurar da ke kansa, ta jawo kujerarta ta zauna daidai kaina.

"To Bala," ta ce, "yau wace tashar za ka?"

Na ce, "Goggo, ki ji tsoron Allah, mara lafiya ne ni."

"Ƙafa ce ta karye. Bakin na ji shi jiya, lafiyarsa ƙalau. Ce a'uzu."

Haka aka fara. Ana sauran kamar wata guda a ga watan azumi.

Bazarar shekarar nan ba ta da imani. Ruwan famfo na madatsar Gubi bai iso unguwarmu ba tukuna, rijiyoyi kuwa duk sun ƙafe. Ana idar da sallar asuba matan gida za su ɗauki tuluna su tafi wata rijiya guda da ta rage a bayan masallacin unguwa, su bi layi, guga ya sauka ya daɗe yana tunani, sannan ya hau da rabin gwangwani, shi ma rabinsa laka. In an kawo, Goggo ce ke rabo. Na girki daban, na alwala daban, na akuya daban. Wanka kuwa sai dai a ba da labarinsa. Ni da ke kwance, tsumma ake jiƙawa a miƙo mini, in goga inda hannu ya kai, inda bai kai ba in bar wa Allah. A ƙarƙashin kararen nan ƙaiƙayi ya kafa gari, da sarkinsa da fadawansa. Tsinken tsintsiya nake zurawa ina sosawa, in Goggo ta juya baya.

Hatsi ma ya yi tsada a shekarar. Sahur tuwon dawa ne da miyar kuka wadda ta ga man shanu daga nesa. Buɗa-baki kunun tsamiya, sai ƙosai idan an yi sa'a, ƙanana kamar maɓallin riga. Gidaje uku ke haɗa dawarsu a daka a turmin Goggo, domin a yi tankaɗe ɗaya, a hura wuta ɗaya, a rage cin itace. Da rana tsaka gari yakan yi tsit. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai. Ƙadangare ya hau katanga, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya huce ta, ya sauke ya ɗaga ɗayar. Ni kuwa ina nan inda aka ajiye ni, na san kowace azara ta rumfar nan, na san gidan kowane gizo-gizo, har na raɗa wa wasu suna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarar manyan motoci daga bakin titi. In na ji an canza giya sai in ji kamar ana jan zuciyata da igiya.

Da hantsi ɗaliban Goggo ke zuwa, bayan sun gama wahalar ruwa. Saboda ni aka kafa zana a tsakiyar rumfa, mata a can, ni a nan, kamar akuyar da aka ware don ƙuruciya. Mutum ɗaya ce zanar ba ta shafa ba, Inna Kande mai masa. Tsohuwa ce tukuf, haƙori biyu suka rage mata kuma ba sa ga-maciji da juna, ɗaya na sama hagu, ɗaya na ƙasa dama. Sai da ta aurar da jikoki sannan ta ce ita ma ba za ta je kabari da duhun kai ba. Ita ce abokiyar karatuna, kuma ta riga ni da nisa.

"Maigidana," takan ce in ta zauna, "jiya a ina aka kwana?"

"A harafin ha-kuri, Inna."

"Har yanzu? Kai, na yi asarar miji. Ga ƙafa babu, ga kai babu. Malama, ki ba ni takardata in tafi."

"Ki bari in tashi, amarya zan yi miki mai haƙora."

"Ka fara tashin tukuna."

Babbaƙu muka fara, wato sanin haruffa tsirararsu ba wasali. Goggo ta dama tawada da baƙin tukunya da ƙaro, ta fiƙe alƙalamin kara, ta rubuta, ta kama yatsana ta ɗora a kan kowane harafi. Ga mim-jaye, ga lam-alif, ga ɗa-mai-hannu. A idona duk ƙugiyoyi ne da tsutsotsi, wasu da ɗigo a ka, wasu a gindi, wasu an hana su. Zafi kan busar da tawada a bakin alƙalami kafin ya kai allo. Gumina ya ɗiga a kan rubutu, ya ƙara wa harafi ɗigon da ba nasa ba, in karanta shi yadda na gani, Goggo ta ɗana mini alƙalami a goshi. Akwai haruffan da ke fitowa daga can cikin maƙogwaro, ga maƙogwaron ya bushe kamar tsohuwar salka. In na yi yunƙurin fitar da su sai akuyarmu ta amsa daga turke. Matan bayan zana su yi ta dariya a cikin mayafi, ina jin zanar tana rawa.

Goggo tana da doka guda wadda ko hakimi bai isa ya sa ta karya ba: ba a wanke allo sai an biya wa wanda ya rubuta, ya saurara, ya ce ya yi. In ka biya daidai, sai a kawo ɗan ruwa a ƙoƙo a wanke rubutun a ciki, ba a zubar da ko ɗigo, a ajiye maka ka sha da buɗa-baki. A shekarar da ake auna ruwa da ludayi, wannan ƙoƙon ƙari ne a kan rabonka. Kada in yi wa kaina ƙarya in ce son lada ne ya fara sa ni dagewa. Ƙishirwa ce. Inna Kande na shan nata a gabana tana lumshe ido, ni allona ya kwana uku da rubutu ɗaya.

Duk ranar Juma'a Baba Maiɗori kan zo duba ƙafa. Zai tsuguna, ya ɗora hannu a kan karare, amma maimakon ya dube ni sai ya dubi Goggo.

"Malama, ina ya kai?"

"Yana babbaƙu."

Sai ya ɗan latsa, ya girgiza kai. "Ɗanye ne shar. A ƙara masa kwana."

Wata Juma'ar ya dawo. "Malama, ina ya kai?"

"Ya shiga farfaru. Wasali na ba shi wuya."

"Haka na ji a hannuna. Ya fara kamawa, amma da saura."

Ni a wautata na ɗauka hira ce irin ta tsofaffi, ana tambayar karatun yaro kamar yadda ake tambayar gida da iyali.

Azumi ya raba tsakiya sai ga Oga Bitrus ya zo gaishe ni, da ƙullin mangwaro a hannu. Ya tsaya daga bakin rumfa, ya cire hula ya gaida Goggo, sannan ya dube ni.

"Bala, yaya ƙafa? Ka ga, ni ba zan ɓoye maka ba. Washegarin Sallarku mota za ta tashi. Yara biyu suna bina kullum suna roƙo. In ka miƙe, wurin naka ne, don na san babanka a hanya. In ba ka miƙe ba, ba zan tafi Kurmi ba karen mota ba."

Na ce, "Oga, ko da rarrafe ne zan zo."

"Ba a ɗaure tamfol da rarrafe," in ji shi.

Da ya tafi na juya fuska bango. Ranar ko wasan Inna Kande ban amsa ba. Na ƙirga abin da ya rage na watan, na dubi ƙafar nan da ke kwance kamar itacen da aka yar, na ji duniya ta yi mini ƙunci kamar rumfar ta sauko ta zauna a ƙirjina. Goggo ta matso kusa da ni. Allo kawai ta miƙo.

Abin mamaki, a cikin kwanakin baƙin cikin nan ne abin ya buɗe. Tunda ba inda za ni, ba kuma wanda nake son yi wa magana, sai na riƙa zura wa allon ido. Wata rana bayan azahar, kowa ya yi laushi, ina bin rubutu da yatsa, wannan harafi da wasalinsa, na gaba da nasa, sai na ji bakina ya faɗi wata kalma da na sani. Na sake bi. Ashe ɗaya daga cikin rigunana uku ce, surar da na shekara ina karantawa da ka, ga ta kwance a kan katako, kuma ni ne na tashe ta da kaina ba wanda ya faɗa mini. Na bi ta har ƙarshe, na gano wurare biyu da na shekara ina hadiye haruffa ban sani ba. Na ɗaga kai, sai na ga Goggo a bakin ɗakinta tana tsintar wake, hannunta ya tsaya cak a cikin faifai. Ba ta dube ni ba. Ta dai ce wa wata yarinya, "Kawo ƙoƙo."

Ranar na sha ruwan allo, kuma wallahi har yau ban sha lemon da ya kai shi ba.

Ana cikin goman ƙarshe, hadari ya fara haɗowa ta gabas yana watsewa. Zafin ya canza, ya zama mai ɗanko, iska ta tsaya cik. Irin lokacin nan ne ƙwari ke fitowa daga ramukansu. Wata la'asar, mata na daka, Inna Kande na gefena tana fama da nata allon, Baba Maiɗori ma ya shigo ya zauna yana jiran a sha ruwa, domin ya gano kunun Goggo ya fi na gidansa. Sai na ji wani abu ya faɗo daga azara, tim, a kan cikina. Na duba. Kunama ce, baƙa, ta ɗaga ƙari. Maman yara ta ce in daina cewa ta kai girman agwagwa, to na daina, amma ta kai 'yar shila.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsallake Inna Kande, na ture zana, na tsallake turmi, na zagaya rijiyarmu busasshiya, karare na kaɗawa a ƙafata kamar ana kiɗan ƙwarya. Sai da na kai bakin zaure na tsaya ina haki. Sannan na dubi ƙasa. A kan ƙafar hagu nake tsaye. Ita kaɗai ma, don ta daman na ɗaga ta ina duba ko kunamar ta biyo ni. Ba zafi, ba komai.

Taɓarya ta tsaya a sama. Inna Kande ce ta fara magana, bayan ta kashe kunamar da takalmi.

"Ikon Allah! Maigidana ashe barewa na aura."

Na dubi Baba Maiɗori. Ya sunkuyar da kai yana gyaran hular da ba ta karkace ba.

"Baba, tun yaushe?"

Ya yi tari. "To, ƙashin yaro ba ya daɗewa. Tun wajen farkon azumi ya haɗe."

"Farkon azumi! Baba, ka bar ni ina wanka da tsumma!"

"Ni ɗori na iya," in ji shi. "Kwancewa kuwa, sai da izinin mai gida."

Na juya wajen Goggo, raina a ɓace, na shirya maganganu masu zafi. Ta ajiye faifai, ta dube ni ido cikin ido.

"Ni na sa shi. Ubanka a nan ya tsaya, daidai inda kake tsaye, ya ce mini, Yaya, bari in je Kurmi in dawo sai in zauna in koya. Na bar shi ya tafi da ƙafafunsa biyu. Ka san inda yake. Kai da Allah ya kawo mini kai a amalanke, sai in sake ka?" Ta ɗauki faifanta. "Yanzu ka tashi. Ga ƙofa nan, ba a rufe take ba."

A daren ba a yi ruwa ba, sai washegari da rana, ya zo da iska da ƙanƙara, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa mai azumi ya ji kamar ya ɗebi turɓaya ya ci. Muka fito da tuluna da kwanoni da duk abin da ke da ciki muka tara a bakin indararo. Na tsaya a cikin ruwan da kayana, na yi wankan wata biyu a tashi ɗaya. Ruwan da ya gangara daga jikina, na ji an ce inda ya kwanta sai da aka yi shekara uku ana samun masara mai kyau.

Washegarin Sallah na ɗaure 'yan tsummokarana zan tafi tasha. Na durƙusa in yi wa Goggo sallama, ina jiran faɗa ko kuka. Ba ko ɗaya. Sai ta jawo allona, wanda na biya aka wanke jiya, ta tsoma alƙalami, ta cika shi da sabon rubutu tun daga sama har ƙasa. Ta hura ya bushe, ta naɗe shi a cikin tsohon ɗankwali mai tsabta, ta miƙo mini.

"Ka san doka," ta ce.

Na sani kuwa. Ba zan iya wanke shi ba, ba zan iya yar da shi ba, ba zan iya kai wa wani malami a hanya ya saurara ba, tunda ba shi ya rubuta ba. Ta kwance ƙafa ta ɗaure wuya. Oga Bitrus da ya ga ƙunshin ya tambayi mene ne, na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya share wani wuri a saman kujera, nesa da jarkar mai da takalma, ya ce, "Sa shi nan. Tsohuwar nan ta fi mu iya ɗaurin kaya."

Haka na yi shekaru. In mun tsaya lodi a Kurmi in buɗe allo a inuwar mota. In mun shigo Bauchi, kafin in ci abinci sai na durƙusa gaban Goggo na biya, a wanke, in sha, ta rubuta sabo. Na zama direba, na yi aure, na yi tumbi, ban tsira ba. Idonta ya raunana, haruffanta suka riƙa girma har layi kaɗan ke cika allo. Na ƙarshe da ta rubuta mini, na tafi da shi Fatakwal. A hanya na haddace shi tsaf. Na dawo na tarar an share rumfa, an shimfiɗa tabarmin zaman makoki.

Daga baya na sauke a hannun wani malami, da takarda. Yarana kuwa yanzu a waya suke sauraron ƙira'a, ga famfo a tsakar gida, in sun ga dama su sha, ba sai sun biya wa kowa komai ba. Amma allon nan yana nan da rubutunsa, tawadar ta koɗe ta koma ja. Ɗazu da maman yara ta ga na daɗe ina kallonsa ta ce, "Alhaji, ka iya shi kamar sunanka. Ka biya wa liman mana a wanke, ka sha ka huta."

Na ce ba liman ne ya rubuta ba.

Ƙafa dai garau take, ko a sanyi ba ta yi mini tsami. Amma da Baba Maiɗori zai leƙo yau ya tambaya ina ya kai, na san abin da za a ce masa, na kuma san abin da zai ce. Ɗanye ne. A ƙara masa kwana.